Kambin da ke Kan Maɓallanka, Baba

Zuwa ga mahaifina, Malam Audu Soja,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan Allah Ya sa kana cikin rahama. Tambaya ce ta sa na ɗauki alƙalami, Baba, kuma na san ba za ka amsa ba.

Kai ka jawo mini wannan cuta ta tara tsofaffin maɓallan kaki. Ranar Juma'a kake fito da rigarka ta yaƙin Bama na zamanin Turawa a zaurenmu na Gangare, ka goge maɓallanta da toka da lemun tsami har su ɗauki ido. Kakan ce, "Waɗannan sun ga abin da ba a faɗa wa yara." Yanzu na cika gwangwanaye da na 'yan doka, na masu gadin kuza, na ma'aikatan jirgin ƙasa. Matata na cewa gidan ya zama shagon tela.

Da ka rasu, ƙanenka Baffa Sale ne ya riƙe rigar har aka raba kaya, sannan ya kawo mini ita a leda.

Watan jiya na kai ta Tudun Wada wurin Mista Pam, tsohon malamin makaranta da ya koya mini sanin shekarun maɓalli daga bayansa da nauyinsa. Niyyata in yi masa burga. Ya juya ɗaya, ya sa tabarau, ya nuna mini kambin sarautar Turawa da ke kansa. Kambin sarki samansa a dunƙule yake, na sarauniya kuwa yana da lotsawa a tsakiya. Naka sun lotsa, Baba, dukkansu. Ya ce, "Oga, lokacin Bama wannan sarauniya bai hau ba tukuna."

Tun ranar nake zargin Baffa. Na san halinsa, ko takalmin masallaci bai tsira ba. Na ce ya ɓalle na asali ya kai wa 'yan gwangwan, ya ɗinka waɗannan. Na daina zuwa gaishe shi, ya aiko a ji ko lafiya, na ce aiki ne.

Sai na zauna na duba zaren. Baƙin zare ne da ya koɗe, an zagaye gindin kowane maɓalli an ƙulle ta ciki, irin ɗinkin marigayiya Inna. Baffa ko allura bai iya zarga wa zare ba.

Wataƙila na farkon sun zube ka sayi wasu. Wataƙila rigar wani ce. Ina jin tsoro, Baba, ina kuma jin haushinka, domin jikokinka sun gama faɗa wa unguwa kakansu ya je Bama.

Baffa kaɗai ya rage da ya san ƙuruciyarka. Gobe zan je in gaishe shi, amma ba zan tambaye shi ba. Gara in zauna da zargi in bar ka da kakinka.

Allah Ya gafarta maka abin da muka sani da wanda ka tafi da shi, Ya haskaka kabarinka.

Ɗanka da ke goge su har yanzu,
Ibrahim