Abin da Na Rubuta a kan Idi

Bebeji, 9 ga Maris, 1956

Zuwa ga Yaya Inuwa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen Kiru. Yaya jikin Baffa?

Shekaranjiya mai ɗori ya kwance mini ƙafa. Ina takawa, amma gwiwar ba ta lanƙwasuwa, ya ce in manta da ƙwallo. Shekara bakwai ina buga wa kamfani a Kano, yau ga ni ina koyon tsallake dokin ƙofa. Idi, wanda ya taɗe ni har ƙafar ta karye, bai zo ba, bai aiko ba.

Wani editan jarida ya nemi in riƙa zuwa fili ina rubuta musu yadda wasa ya kasance. Zuwaira ta ce in karɓa, ta gaji da ganin mijinta yana kallon katanga. Ni kuwa tsoron zama a gefe nake yi. Ka ba ni shawara.

Ƙaninka,
Labaran

Kano, 21 ga Yuli, 1957

Zuwa ga Yaya Inuwa,

Bayan gaisuwa, ina fata damina ta yi muku kyau. Mu lafiya lau.

Akwai abin da nake so ka sani. An yi wasan zaɓen waɗanda za su je Ikko, masu zaɓen kuma suna karanta shafina na jaridar, don na karɓi aikin nan. Idi ya buga. Yaya, ban taɓa ganin irin wasansa na ranar ba. Bai ci ko ɗaya ba, amma shi ya riƙa janye 'yan baya yana buɗe wa wasu hanya. 'Yan kallo ba su lura ba. Ni na lura.

Na rubuta labarin kaf ba sunansa, ba kuwa wanda zai kama ni. Har na isa ƙofar ofis na tsaya, kunya ta rufe ni. Na koma na sake rubutawa, na faɗi abin da idona ya gani.

An ɗauke shi. Jiya ya tare ni a bakin fili, ya kasa haɗa ido da ni. Da ƙyar ya tambaye ni abin da ya kamata ya gyara. Ban ce na yafe masa ba, zuciyata ba ta kai nan ba tukuna. Amma na ce ya gyara bugun ƙafarsa ta hagu, muka tsuguna ina zana masa a ƙasa har aka kira la'asar.

A gaida Baffa. Ka sa ni a addu'a.

Ƙaninka,
Labaran