Tagar da Inna Ta Ƙi Buɗewa

Yaya Bukar,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina iyali, yaya jikin Falmata?

Ɗakin ƙasa da masu agaji suka gina mana a Diffa akwai sanyi, amma maginin ya ce mu riƙa rufe taga kada zafi ya shigo. Shekaranjiya Inna ta hura gawayi a ciki, muka tarar jiri ya kayar da ita. Ta ji sauƙi. Likita ya ce, "Hayaƙin ne, ku buɗe taga." Inna ta ce tun da muka gudo daga Barwa ba ta yarda da buɗaɗɗiyar taga ba.

Yaya, maganar wa zan bi? Ka kira ta, kai take ji. Ku sa mu a addu'a, a gai da yara.

Ƙanwarka,
Yagana