Jar Fitilar Motar Baba

Assalamu alaikum, Yaya.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Mu nan lafiya lau, sai kewarka da ta ƙi sakinmu. Ƙafar Umma ta yi sauƙi, har ta koma yi wa kowa faɗa, ka kuwa san alamar lafiyarta ke nan. Na san za ka ce me ya hana ni kira. A waya da na ɗauko zance sai ka ce kana wurin aiki, wannan magana kuwa ba ta tsaitsaye ba ce.

Maganar motar Baba ce. Tun da ka tafi, gari bai taɓa wayewa bai tayar da ita ba. Sai ya goge gilashi, ya shiga ya zauna, ya bar ta tana aiki, wai kada batir ya mutu. Kwanakin baya jar fitilar nan mai siffar batir ta kama a bayan sitiyari, ta ƙi mutuwa. Fitilun gaba suka koma kamar kyandir, rediyo yana ɗaukewa, waifa mai share gilashi tana jan jiki da kyar. In ya murɗa makulli sai ta yi ta nishi kafin ta kama. Ni da maƙwabcinmu tela mun sha turi, ina haki ina yi maka mita a zuci.

Da na gaji, na jawo akwatin kayan aikinka daga ƙarƙashin gado, na ɗauko 'yar mitar nan rawaya ta awon wutar batir. Yaya, har yanzu akwatin warin man inji yake irin na rigunanka, na daɗe a durƙushe kafin in iya rufe shi. Ka tuna da kake sa ni riƙe maka wayoyinta, ja a kan ja, baƙi a kan baƙi, kana cewa kaina ba ya riƙe komai sai surutu? To, ashe ya riƙe. Ka ce lafiyayyen batir in mota tana kashe sha biyu da ɗigo shida yake nunawa, in ta tashi kuma ya haura zuwa wajen sha huɗu, don altaneta tana ba shi caji. Na gwada a kashe, sha biyu da ɗigo ɗaya. Na sa Baba ya tayar, maimakon lambar ta hau sai ta faɗo ƙasa da sha biyu. Bel ɗin da ke juya altaneta bai tsinke ba, bai saki ba, kan batir ma na kankare shi tas. Altaneta ce ta mutu. Wato duk safiyar da Baba ya tayar da motar don ya raya batir, ƙara tatse shi yake yi.

Na kira bakaniken bakin titinmu, ya duba ya ce haka ne, kuma kafin azahar zai gama. Baba ya tarbe shi da fara'a, ya sa aka kawo masa ruwa, amma ya hana shi kwance ko noti ɗaya. Wai wayoyin motar nan ɗansa ne ya ɗaura su, shi zai zo ya kwance. Raina ya ɓaci. Bayan mutumin ya tafi na zaunar da Baba ina ta zuba masa lambobi. Ya bar ni na gama, sannan ya yi murmushi ya tambaye ni wa nake tsammani ya koya maka sha biyu da ɗigo shidan. Ya ce tun ranar da fitilar ta kama ya san abin da ya lalace. Sai dai bakinsa bai saba cewa yana kewar ɗa ba, amma in mota ta samu matsala, uba yana da ikon kiran ɗansa mai gyara. In aka gyara ta, da wane dalili zai kira ka? Na shiga ɗaki na yi kukana.

Akwai kuma abin da Baba ya hana ni faɗa maka, ni kuwa ba zan iya riƙewa ba. Tela ya kai batirin caji ya dawo da shi cike. Da magariba Baba ya kunna fitilun gaba, suka haska katanga fes, har tsagar jikinta ina gani. Shi kuwa ya girgiza kai ya ce har yanzu a dushe suke. Washegari na matsa masa muka je wurin likitan ido. Likitan ya ce ganin yana raguwa, magani zai rage masa gudu ne kawai, nan ba da jimawa ba dole Baba ya ajiye makulli. Da muka fito sai Baba ya tambaye ni ko ka faɗi lokacin hutunka.

Umma tana gaishe ka, ta ce ka rame a hoto. Gwaggo da Kawu da tela duk suna miƙo gaisuwa. Ka gaishe min da Anti, ka shafa min kan yara.

Yaya, ka nemi hutun nan ka zo. Baba ya daina tayar da motar da safe. Yana nan yana goge gilashin, ya zauna a ciki shiru. Ya ce cajin da ya rage na zuwa tasha ne, da kansa zai tuƙo ya ɗauko ka. Ka zo tun yana ganin hanya.

Wassalam.

Ƙanwarka,
Uwar Surutu