Kada Ƙwarin Albasa Su Ji Labarin Rasuwata

Ni mahaifinku, wanda 'yan kasuwa ke kira Janar, na rubuta wannan da cikakken hankali, ko me mahaifiyarku za ta ce. Likita ya saurari ƙirjina, ya girgiza kai. Na fahimta.

Shekara talatin da ɗaya ina yaƙi da ƙwaron da bai kai tsinin allura ba, mai ɓuya a wuyan albasa yana tsotson ganye har ya yi fari kamar an shafa masa toka. Ban ci shi ba, bai ci ni ba. A rubuta kunnen doki.

Na ɗaya. Gona taku ce ku uku, kuma albasa za a ci gaba da shukawa. Babban ɗana, na ji ka ta taga kana cewa da zarar na kau za ka sayar wa mai buga bulo, wai ƙwari sun fi ƙarfinmu. Ƙirjina ne ya lalace, kunnena lafiya lau. Ba a sayarwa.

Na biyu. Famfon feshi da murfin awo na Auta ne, domin ita kaɗai a gidan nan ta taɓa karanta rubutun jikin kwalbar magani. Ni da na haddace tarihin dauloli ban ga dalilin sunkuyawa ba. Ta ce murfi ɗaya, na zuba uku. Shekara tara ina maimaita magani guda, har ƙwarin suka mai da shi shayin safe, suka yi ƙiba, suka aurar da 'ya'ya. Ku riƙa sauya irin magani. Ku buɗa wuyan ganye ku gan su kafin ku fesa, ku saita bakin famfo nan. Idan cira ta kusa a rataye famfo, mutane ne za su ci.

Na uku. Takunkumi da safar hannu, da na kira kayan matsorata, suna nan sababbi cikin ledarsu. Na tsakiya, kai ka gaji taurin kaina, naka ne. Ka sa. Na yi ta feshi ƙirji a buɗe, iska na dawo mini da shi. Wannan tari aikin hannuna ne, kada a ba ƙwaro lambar yabon da ba tasa ba.

Na huɗu. Gaba da maƙwabcinmu ta ƙare. Shekara ashirin ina zarginsa da turo mini ƙwarinsa, shi ma yana zargina. Ku daidaita ranar feshi da shi, su rasa wurin hijira.

Allah Ya yi muku albarka. Ku riƙe mahaifiyarku, ku riƙe juna. Washegarin ranar da aka kai ni, ku ukun ku fita duba ganye kamar kullum, kada maƙiyi ya lura an sauya kwamanda. Mai son yi mini kuka kuma ya jira lokacin cira, ya yanka albasar gonarmu.