Abin da Ya Hana Khairat Tahowa

Hayyin Ashir, Alƙahira
12 ga Sha'aban

Zuwa ga Gwaggona Ummul-Khairi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fata kina lafiya, ke da Baba Bukari da duk mutanen gida a Gusau. Yaya ƙafar? An ce har yanzu kina ƙin riƙe sanda, wai ba ki tsufa ba. Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau. Maigida Ja'afar yana fama da jarrabawa a jami'arsu da ke unguwar Darrasa, takwararki Khairat kuwa ta cika shekara huɗu, komai aka ce mata sai ta ce khalas, wato shi ke nan da Larabci.

Gwaggo, Illiyasu da matarsa, da ke komawa gida daga nan, za su iso miki da takardar nan, amma ba tare da Khairat ba. Na san da bakina na amsa cewa zan ba ki riƙonta, na kuma san kin shirya. Ki daure ki karanta har ƙarshe kafin ki yi fushi.

Muna da maƙwabciya, Mawada, matar wani Basudane. Daga Ostareliya ta zo koyon Larabci, kuma ita daga mutanen asalin ƙasar take, baƙaƙe, waɗanda Turawan Ingila suka tarar a can. A watan jiya mahaifiyarta, Mama Edna, ta zo ganinta. Tsohuwa ce mai fara'a, har ta ci tuwona ta nemi ƙari. Ranar Juma'a na shiga gaishe su, na tarar da 'yar Mawada, Dalia, an yi mata kitso. Kin san bakina ba ya zama. Na yi irin wasan da muke yi wa yara a gida: na sungume ta, na ce da Turancina na kasuwa wannan kyakkyawar ta zama tawa, Najeriya zan tafi da ita, ba za su sake ganinta ba. Har na nufi ƙofa ina dariya. Wallahi ban san tsohuwa tana da wannan ƙarfin ba. Ta saki kofin shayi, ta fizge yarinyar daga hannuna, ta shige banɗaki da ita ta kulle. Muna jin kukan tsohuwar, irin na ƙaramin yaro.

Washegari Mawada ta zo ta yi mini bayani. Ta ce lokacin da Turawan Ingila suka sauka ƙasarsu, fiye da shekara ɗari biyu da suka wuce, sai suka ɗauke ta a matsayin ƙasar da babu mai ita, alhali kakanninsu na nan tun fil azal. Cuta ta kashe wasu, bindiga ta kashe wasu, saura aka kore su daga filayensu. Daga baya hukuma ta shiga ƙwace yara, musamman masu hasken fata, wai don su tashi Turawa. Iyaye mata har gawayi suke shafa wa 'ya'yansu don su yi duhu. Mama Edna tana shekara biyar mota ta tsaya, wata Baturiya ta ɗauke ta tana murmushi, tana cewa kyakkyawar yarinya. Kalmata ke nan, Gwaggo. A gidan da aka kai ta aka sauya mata suna, ana dukanta in ta yi yarensu, har ta manta shi. Sai da ta kai arba'in ta gano garinsu, ta tarar uwar ta rasu. Mawada ta ce gwamnati ta nemi afuwa a 2008, amma har yau ranar da Turawan suka sauka ita ce ranar bikin ƙasa, su kuwa makoki suke yi.

Kwana uku na kasa fita don kunya. Da na je neman gafara, tsohuwar ta riƙe hannuna ta ce ba ni ta gani ba. Ta ce abin da ya fi cin ranta shi ne tana tuna muryar uwarta tana bin motar tana kiranta, amma ta manta sunan da take kira. Sai ta dubi Khairat ta tambaye ni me ya sa ba ta taɓa jin na kira ta da suna ba, kullum sai ke, ko yarinyar nan. Na ce 'yar fari ce, kunya muke yi. Ta daɗe tana kallona.

Gwaggo, ba na haɗa riƙonmu da abin da aka yi musu. Mu ƙauna ce, kuma kin riƙe ni fiye da yadda uwa ke yi, Allah ya saka miki da Aljanna. Amma na tuna ranar da kika zo ɗaukata. Umma tana daka, ba ta ɗago kai ba, ba ta raka mu ko zaure ba. Na tashi ina zaton ba ta damu ba ne. Yanzu na tuna cewa har muka sha kwana ina jin taɓaryar, kuma ba haka take daka ba. Ni ma 'yar fari ce, har ta rasu ban ji yadda sunana yake a bakinta ba. Shekara tara da rasuwarta, sai a makon nan na yi mata kukan gaske.

Ki yafe mini saɓa alkawari, ba zan iya ba da Khairat ba. In Ja'afar ya gama za mu zo, ta kwana a ɗakinki har ki gaji da surutunta, amma tare za mu koma. Jiya na tsaya a ƙofa na ƙwala mata kira da sunanta. Ta fito da gudu, ta tsaya tana dube-dube, tana neman wanda ya kira ta.

Ki gaishe mini da Baba Bukari, da Inna, da Muslim da iyalinsa. In kun je ziyara, a yi wa Umma addu'a, a faɗi sunana.

'Yarki da kika raina,
Fauziyya