Keken Merv

Adelaide, 3 ga Satumba

Zuwa ga 'yata Bronwyn,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya zafin Darwin?

Likita ya faɗa mini ba ɓoye-ɓoye: ba zai yi mini aikin zuciya ba sai na sauko daga kilo ɗari da shida zuwa casa'in da biyar kafin Kirsimeti. In lokacin ya wuce ban sauko ba, in ji shi, ba ya ba ni tabbacin komai.

Raelene, matar aminina marigayi Merv, ta kawo mini kekensa na tsere, wanda bai hau ba ranar hatsarin da ya yi ajalinsa. Da yatsa biyu nake ɗaga shi. Shekara ashirin muka yi muna musu ni da Merv. Ni na ce keke marar nauyi na malalata ne, ba ya sa gumi. Shi kuwa ya ce wanda kake jin daɗin hawa shi ke fitar da kai daga gida. "Kai da akwalar kekenka tumbi kawai kuke tarawa," haka yake tsokanata. To, na jingine akwalar. Gobe zan fara hawan tudun Norton.

Babanki,
Graeme

11 ga Oktoba

Bronwyn 'yata,

Ina gaishe ki, yaya jikin ƙaramar? Kada ki yi mini dariya.

Kin san kwanar da mota ta buge Merv, inda 'yan ƙungiyarmu ta masu keke suka ɗaure farin keke don tunawa da shi. Kullum da safe, ina wuce wurin sai keken ya yi nauyi, har tayar baya ta lotsa, kamar wani ya zauna. Sai na kai ƙololuwa nauyin yake sauka. Mai gyara ya auna, kilo bakwai cif, ya ce ƙafafuna ne suka tsufa. Ƙarya yake, na san ƙafafuna.

Akwai abin da ban taɓa faɗa ba. Idan mutum biyu na tafiya, karɓa-karɓa ake yi: ɗaya ya shiga gaba ya tare iska, in ya gaji ɗayan ya karɓe shi. Ni ban taɓa karɓar Merv ba, ko sau ɗaya. Kullum ina laɓe a bayansa ina surutu. Ranar hatsarin ma shi ne a gaba. Abin yana cina, 'yata.

Amma wandunana sun yi mini yawa. Ko ba komai Merv ya ci musun.

Babanki

26 ga Nuwamba

'Yata,

Ina fatan kuna lafiya. Ni dai ga ni nan.

Tun makon jiya nauyin ya daina sauka a ƙololuwa. Ya biyo ni gida. Keken ya koma sakayau, ni ne ba na iya hawa matakalar ƙofa sai na huta. Kujerata ta karye ranar Talata.

Jiya na je asibiti. Nas ta yi ta yabona, wai na koma saurayi, sannan ta ɗora ni a sikeli. Ɗari da hamsin da shida. Ta ce ya lalace, ta kawo wani, ta sake kawo wani. Duk abu ɗaya suka nuna. Likita ya daɗe yana sauraren ƙirjina, sannan ya ce bai san me zuciyar take ɗauke da shi ba, amma ba zai yanka ta a haka ba. Ya cire sunana daga jerin waɗanda za a yi wa aiki.

Yau da safe na ce, "Merv, don Allah sauka har a yi aikin, in ya so ka dawo." Bai sauka ba. Ban kuma ji haushinsa ba, tsoro kawai nake ji.

Ki zo, kada ki jira hutu. Ki bar yaran a gida.

Babanki mai ƙaunarki,
Graeme