Inna, Mun Cinye Irin Bawa

Assalamu alaikum Inna. Bayan gaisuwa ta ɗa ga mahaifiyarsa, ina fata Allah ya sa kina cikin rahama. Shekara huɗu da rasuwarki, sai yau na iya faɗa miki abin da ya faru a tungarmu.

Ke kinka ba mu tarihin. Kinka ce kakan kakanmu Bawa ya taso daga wajen Bazaga da jaki guda da zangarniyar hatsi bakwai, ya sare dajin nan ya zauna. Duk hatsin da gidajenmu goma sha ɗaya ke shibkawa jikan wannan bakwai ɗin ne. Gajere, mai gashi, tsuntsu ba ya son shi.

Ina tuna ki da kaka, zaune gaban dammuna kina zaɓen zangarniyar iri, kina ɗaurewa kina ratayewa inda hayaƙi ke bugu. Na taɓa miƙa hannu kinka make ni da muciya. Kinka ce, “Wanda ya ci iri ya ci baɗi.”

Kin kuma san al'adarmu. In iri ya ɓace wa gida, maigidan ya ɗauki ƙoƙo ya tsaya ƙofar maƙwabci, a cika mishi. Ba a tambaya, ba a godiya.

Shekarar da fara ta sauka, rumbu ya ƙare tun rani bai raba ba. Munka ci 'ya'yan itacen anza har baki ya daina jin ɗaci. Rabi, ɗiyata mai sunanki, ta kai ba ta iya zama sai an jingina ta. Na hau turmi na sauko da irin. Hajo matata ta daka ba ta ɗaga kai ba. A raina na ce, ai Kawu Illo ƙanenki yana da nashi.

Ranar da ruwan shibka ya sauka na ɗauki ƙoƙo na fita. Tsakiyar hanya na gamu da Kawu Illo, shi ma da ƙoƙo, ya nufo gidana. Kafin hantsi mu goma sha ɗaya muna tsaye gindin gawo, kowa da nashi wayam. Ba wanda ya zagi wani. Munka gaisa, munka tambayi kwanan iyali, kowa ya koma.

Irin da anka raba a Illela munka shibka. Yana yi, ba laifi. Rabi ta tashi, har lakwal take zuwa karatun boko. Ana ce mini in gode Allah, kuma ina godewa. Amma wallahi Inna ba na jin komai, ko daɗi ko baƙin ciki.

Bana da za mu sake jinkar ɗakinki, na iske rabin zangarniya maƙale cikin tsohuwar ciyawa, ta yi baƙi da hayaƙi. Ɗaurinki ne, na gane ƙullin. Na murje, na shibka bayan ɗakin da ruwan farko, rami tara. Ban gaya wa kowa ba.

Kin fi ni sanin hatsi kwana uku yake fitowa. Yau kwana goma sha biyu. Kowace safiya ina zuwa in duƙa in duba, in kori kaji.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka makwancinki, ya haɗa ki da iyayenki. In kin gamu da Bawa, ki ce mishi ni na fara sauke irin, ko da yake ban tabbata ba.

Ɗanki,
Sa'idu